Daftarin da Abuya Ya Ce a Ƙona

"Karɓi, ki gani da idonki!"

Mukhtaru ya wurgo daftarin kan tabarmar da nake tsintar shinkafa. Ɗan ƙanin mahaifina ne, kuma tun ranar da aka yi min baiko da Lurwanu bai sake yi min fara'a ba.

"Na waye?"

"Na angonki! A jakarsa na samo. Buɗe mana, ya bint ammi, 'yar baffana..."

Na buɗe.

Babu alif, babu ba. Rubutun Nasara ne tsagwaronsa, jeri biyu a kowane shafi.

"Kina nan unguwar Jarwal kina ɗinkin kayan aure, shi yana rubuta wa Nasara sirrin Haramin Makka. Mutumin da ya ƙetaro daga Sudan bara waccan, wa ya san asalinsa?"

Na san Mukhtaru ba don Allah yake yi ba. Amma daftarin ba shi ya rubuta ba, ga sunan Lurwanu da ajami a bangonsa.

Kuma na san Abuya, mahaifina. Mahaifinsa da ƙafa ya taso daga Sakkwato don gudun mulkin Nasara, ya binne 'ya'ya biyu a hanya. A gidanmu ko kwalin ashana mai rubutunsu sai Abuya ya kife shi. In ya ga wannan, aurena ya tashi.

Lokacin aikin Hajji ne, mun koma saman soro kamar kowace shekara, mun bar wa alhazai ɗakuna. Bana Turkawa ne, kuma Lurwanu ne ke yi musu jagora a ƙarƙashin muɗawwifinsu, mai kula da hidimar Hajjinsu. Na ja mayafi na sauka wurin wata malamar makaranta a cikinsu mai ɗan jin Larabci.

Ta bi jerin farko da yatsa, sai ta yi dariya.

"Harshenmu ne! Ekmek, gurasa. Deniz, teku. El, hannu."

Na sauke ajiyar zuciya.

"Wannan ɗayan fa?"

Ta daɗe tana kallo, ta girgiza kai.

"Ba Turkanci ba ne, ba Faransanci ba. Ban taɓa gani ba."

Abin da na sauke ya dawo ya zauna min a ƙirji.

Bayan la'asar Lurwanu ya kawo wa alhazai ruwan Zamzam. Na tsaya bayan labulen matakala.

"Lurwanu."

"Na'am, hasken idona..."

"Riƙe haskenka! Wa kake rubuta wa wannan?"

Na miƙo daftarin ta gefen labule. Ya karɓa, ya shafa bangonsa.

"Ummulkhairi, zan gaya miki abin da na ɓoye. Lokacin babban yaƙin duniya na yi aiki a sansanin sojan Ingila kusa da Alƙahira. Ɗiban ruwa da girki."

"La'ilaha illallahu! Ka yi wa Nasara aiki?"

"Yunwa ta kai ni. Amma waɗanda na yi wa girki ba jar fata ba ne. Maori ake ce musu, daga wani tsibiri a ƙarshen duniya. Ranar da motarmu ta kama da wuta, ɗaya daga cikinsu, Tamati, ya shiga ya goyo ni. Wata biyu ina kwance, kullum yana zuwa yana koya min harshensu, ina koya masa Hausa. Daga baya aka wuce da su Italiya. Ban sake jin ɗuriyarsa ba."

"To me ya haɗa su da Turkawa?"

"Ba abin da ya haɗa su, wallahi! Baturke yakan yi ta ɗora wa kalma kaya har ta yi tsawon ayarin raƙuma. Maori kuwa kowace kalmarsu baki buɗe take ƙarewa, kamar yawancin namu. Baturke ya ce deniz, su su ce moana. Ya ce el, su ce ringa."

"Ba karatu na tambaye ka ba."

"Da na fara koyon Turkanci don aiki, sai na ga duk kalmar da ta shiga kaina tana korar ta Tamati. Na tsorata. Shi ya sa duk sabuwar da na koya, sai in ajiye tasa a gefenta. Ba ni da hotonsa, habibti, masoyiyata. Wannan kawai nake da shi."

"Wa zai shaida maka?"

"Ba kowa. A duk faɗin Makka ba mai jin harshen nan sai ni."

Da maƙaryaci ne, da ya ƙirƙiro min shaidu goma. Na jingina da bango ina jin haushinsa, ina kuma jin sonsa, har ban san wanne ya fi ba.

Kafin magariba Mukhtaru ya riga ya kai wa Abuya maganar. Abuya ya saurari Lurwanu har ƙarshe, bai katse shi ba.

"Tayyib, na ji. Yunwa ba ta da kunya, na yafe maka aikin. Amma rubutun mutanen da suka kori ubana ba zai kwana ɗaki ɗaya da 'yata ba. Ranar Juma'a, ko ka ƙona shi a gabana, ko ka nemi wata. Khalas, magana ta ƙare!"

Washegari na sake tsayawa bayan labulen.

"Wanne ka zaɓa?"

"Ke," in ji Lurwanu.

"To buɗe shafin farko. Karanta, ina bin ka."

"Me za ki..."

"Ni da na haddace izu talatin, kalmomin abokinka ne za su gagare ni? Karanta, malam!"

Kwana huɗu muna yi, duk lokacin da ya kawo Zamzam. Ya faɗa in maimaita, ya gyara min baki, in harare shi ta cikin labule.

Ranar Juma'a Lurwanu ya saka daftarin a kaskon wutar shayin Abuya da hannunsa. Ko ƙwalla bai yi ba. Mukhtaru ya tashi ya fita kafin takardar ta gama cinyewa.

Bayan alhazai sun watse aka ɗaura aurenmu.

Har yau ban sami wanda zai tabbatar min da jerin nan na biyu ba, kuma na daina nema.

Wata safiya, wajen wata shida da auren, na ji shi yana gunaguni yana neman takalmi.

"Yildiz, tauraro... yildiz... Tamati cewa yake..."

Ya tsaya cak. Na ga tsoro a fuskarsa.

"Fetu," na ce, ina zuba masa shayi.

Ya zauna a bakin gado, ya rufe fuska da hannu biyu, ya yi kukan da bai yi ba a gaban Abuya.