Wadda Ke Kan Layi

"Cinnaka, sha shayinka mana kafin ya huce..."

Kofin ya tsaya a hannun Mai Kemis. Ya ɗago a hankali ya dube ta.

"Me kika ce?"

Ta rufe bakinta da hannu.

"Zumata, wa ya gaya miki sunan nan? Duk duniya Inna ce kaɗai ke kirana da shi, ita ma sai a waya."

Baki shi ke yanka wuya! Ta dubi kwalaben maganin da ke jere bayansa kamar za su ara mata ƙarya, amma ta gaji da ƙarya.

Tun farkon haɗuwarsu ta ce masa ita sakatariya ce. Gaskiyar kuwa, a hukumar leƙen asiri take, a wani ɗaki marar taga, da abin sauraro a kunne. An ba ta layinsa saboda wani mai sayen magani da ake zargi. Ba ta taɓa jin laifin Mai Kemis ba. Abin da ta ji shi ne mutum mai lallashin uwarsa ta sha maganin hawan jini, yana mata waƙa da murya kamar ta tsohon ƙyaure. Ranar da ta kasa haƙuri ta zo sayen maganin ciwon kan da ba ta da shi.

"Ina... ina sauraron wayarka. Aikina ke nan."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka san ni."

Ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Shi ya sa kika san komai nawa! Ni kuwa ina ta godiya ga Allah Ya ba ni mai fahimtata."

"Wallahi son gaskiya ne, masoyi..."

"Fita."

A gida Yayanta, wanda shi ne ogansu a ofis, bai ko tausaya mata ba.

"Na hana ki, kika ƙi! Mai sauraro ba ya shiga zance. Gobe ki koma kujerarki, in kuma kika sake taka shagonsa, ba ke ba aiki."

Ta koma. Kunya ta hana ta ci, ta hana ta barci. Kullum fitilar da ke kamawa in ya yi waya a mace take, kullum tana jin kanta ɓarauniya mai jiran a buɗe mata ƙofa.

Wata safiya fitilar ta kama. Ta danna, ta kasa kunne.

"Inna, ina kwana? Ki iya bakinki, ba mu kaɗai ba ne. Akwai wadda ke kan layi."

"Ita ce? Wadda ta sa ka rame?"

"Ita ce."

Tsohuwar ta gyara murya.

"Ke 'yar nan! Laɓe ba tarbiyya ba ce. Kin ji sirrin ɗana, kin ji tarina, kin ji zagin da nake wa maƙwabta. In sonsa kike, ki zo ki gaishe ni da bakinki, ki ba shi haƙuri ina kallo."

Sai muryarsa ƙasa-ƙasa:

"Ban huce ba fa... amma shago a buɗe yake."

Hawaye suka zubo mata. Ta san na'ura ta naɗi komai, kuma kafin azahar Yaya zai ji.

Ta cire abin sauraron ta ajiye a tebur, ta ɗauki jakarta.

"Ina za ki?" in ji abokiyar aikinta da ke kusa da ita. "Layinki na magana!"

"Ki karɓa. Ni yau amsawa zan je in yi."