Ruwan da Ya Ƙi Yin Fari

Ana gobe jarrabawar kemistiri, dare ya riske ni da ƙanwata a ɗakin gwaje-gwajen makarantar da nake koyarwa, muna bita. Sau biyu tana faɗuwa, wannan ce damarta ta ƙarshe.

Ban ji motsin ƙofa ba. Ɗagowar da zan yi, sai ga wata ɗaliba zaune kusa da ita, sanye da irin rigar makarantar da aka daina sawa tun ina yaro.

"Malam, a haɗa da ni," ta ce, ta riƙe wuyan hannun ƙanwata.

"Yaya, hannunta sanyi kamar gindin randa," in ji ƙanwata, tana dariyar yaƙe.

Na fake da darasi. Na zuba tataccen ruwan farar ƙasa a kofuna biyu, na bayyana musu cewa numfashin ɗan Adam yana mayar da shi fari kamar madara. Ƙanwata ta hura ta bututu, nata ya yi fari.

Baƙuwar ta daɗe tana hurawa, idanunta a kaina. Kumfa na ta tashi, ruwan yana nan garau. Ƙofa tana bayanta, kuma ba ta saki hannun ƙanwata ba.