Gona ta Goma Sha Uku

Aikina auna gonaki ne. In zagaya iyaka da waya ta zana, in ɗauki hoton mai gona, ta adana. Sai an sami sabis komai yake tafiya babbar na'urarmu ta Kano. Abin da ya tafi kuwa, ya zauna ke nan.

Ran nan a wani ƙauye bayan Ɗanbatta na gama sha biyu, rana ta yi ja. Sai ga fili tsakiyar gero, ƙasa baƙa wuluk, ba shuka. A yankin da ko bakin hanya sai an soka wake!

"Wannan gonar ta wa ce?" na tambaya.

Baba Mika'ilu mai unguwa, da ke raka ni, ya rage murya. "Tana da masu ita. Ba a zagaya ta, ba a ambaton suna a kanta. Wanda ta karɓa, nata ne."

"Haba Baba! Ni Zubair, da na kwana tashoshi goma, fili zai tsorata ni?"

Ya dafe kai. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na zagaye ta tsaf, ko sallama babu.

Dab da magariba na tsayar da babur a kan tudun da ake samun sabis. Gyare suka yi tsit. Ƙaurin toka mai ɗumi ya bugi hancina, alhali ba wuta.

Waya ta girgiza. Ana aikawa: ɗaya cikin goma sha uku.

Ni kuwa sha biyu kawai na adana.

Na buɗe ta ƙarshen. Mai gona: Zubair. Hoto: bayana, a kan babur, a kan wannan tudun.

Na danna gogewa. Ta ƙi.

Bakwai.

Na kashe data. Tara.

Numfashi ya sauka a wuyana.

"Bar ta ta tafi," aka raɗa.

Sha biyu.

Na maka wayar da dutse. Na sake. Ina ta jero a'uziyya, babur bai tashi ba sai a bugu na uku. Ban waiga ba.

Washegari Ramlat ta ofis ta kira matata. "Ki ce da Malam Zubair ɗaya ta maƙale a rabi. Ya shiga da wata wayar ya ƙarasa mana."

Shekara uku ke nan. Na bar aikin, ƙaramar waya mai madannai nake riƙewa.

Jiya Ramlat ta ce har yanzu gonar nan tana jira a rabi. Wai a hoton, ƙeyata kaɗai ake gani yanzu.