Ƙuri'ar Kawu Nagi

Dolores ce ta fara ganin abin. Ta ɗora jakar wasiƙun a kan tebur, sai ta lura babu jan hatimin da ya kamata a ce yana bakinta, igiya ce kawai aka ɗaure. Ta kwance, ta zura hannu, ta zaro tsofaffin jaridu an ninke su tsaf, daidai girman ambulan. Ƙuri'un ma'aikatan jirgin Marian Teague, babu ko ɗaya a ciki.

Ranar Asabar ke nan, zaɓe kuma Talata.

Manyan jiragen da ke ratsa kogin Detroit ba sa tsayawa don wasiƙa. Ƙaramin jirgin su Dolores ne ke bin su a guje, ya manne a jikinsu, a zuro bokiti da igiya, a sauke na saukewa, a ja na ja. Ta haka mutanen da ke shafe watanni a kan ruwa suke samun takardar ƙuri'arsu, ta haka kuma suke mayar da ita. In ta isa ofishin zaɓe kafin a rufe, an ƙirga. In ta makara, ta zama takardar tsire.

Sufeto Odessa Tillery aka turo, mai binciken laifukan da suka shafi wasiƙu. Mace ce marar son surutu, kuma duk birnin nan babu wanda ya kai ta ƙin hawa ruwa.

"Ke kika karɓi bokitin?" ta tambayi Dolores.

"Ni ce, a gaban kyamara. Je ki kalla, Sufeto, kada ki ɓata lokacinki a kaina. Ni ba ta sauran ma nake ba, sun saba. Ta Kawu Nagi nake."

"Wane ne shi?"

"Kukun jirgin. Tun yana saurayi ya zo daga Yemen, ya tsufa a gaban murhu. Bana ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, daga kotu ya zarce ya yi rajista. Bai taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwarsa, can ko nan. Ga shi likita ya ce zuciyarsa ta gaji, wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe."

Odessa ta kalli hoton kyamarar. Tun daga sama jakar ta sauko babu hatimi. A cikin jirgi aka yi musanyar ke nan, jirgin kuma ya wuce zuwa Toledo sauke kaya. Sai Litinin da safe zai dawo, ya nufi arewa, ba zai sake biyowa ba sai bayan zaɓe. Kyaftin ya yarda ta hau, amma dole ta sauka a Port Huron, inda kogi ke buɗewa ya zama tafki. In ta sauka hannu wofi, ƙuri'ar tsohon ta tafi.

Shekarunta nawa tana hangen jiragen nan daga gaɓa, ba ta san girmansu ba sai ranar Litinin ɗin. Jirgin ya taso kamar an tumɓuko unguwa guda ana turo ta a kan ruwa, babu ƙara, babu hanzari. Da ƙaramin jirgi ya manne masa, ta ɗaga kai, bangon ƙarfe ta gani ya tare rabin sama. Tsoro ya kama ta, mamaki kuma ya fi tsoron. Aka zuro tsanin igiya, ta kama, ta yi ta hawa ba ta yarda ta kalli ƙasa ba.

Kyaftin Halvorsen ya tarye ta fuska a murtuke.

"A ɗakin cin abinci muka cike, kowa a kujerarsa, kowa ya rufe ambulansa," ya ce. "Na sa hatimi a gaban kowa. Na gaya musu duk wanda ya yanke shi ya jefa ƙuri'ar kowa cikin shakka. Na rataye jakar a ƙugiyar bakin ƙofa har mu iso gari."

"Jakar bogin fa, daga ina?"

"Tamu ce. Muna ajiye irinsu a kabad ɗin ɗakin tuƙi. Ni, mataimakana da matuƙa kaɗai ke shiga can."

Ta fara da Tyrone Gaddis, wanda ya zura bokitin.

"Ba ka ga babu hatimi ba?"

"Haba, Sufeto! A iskar nan? Igiyata nake kallo kada ta tafi da ni. Kuma ki tambayi kowa, ƙanwar matata ce ke takarar hukumar makarantu. Na roƙi mutanen nan ɗaya-ɗaya, har kofi na saya musu. In ta faɗi da ƙuri'a guda, ke za ki ba ni wurin kwana?"

Tyrone bai taɓa taka ɗakin tuƙi ba, mutum uku sun shaida. Ta sallame shi. Mataimakan kyaftin kuwa duk safiyar Asabar suna tare da shi a sama, saboda ƙuncin kogi. Saura matuƙa. Amma ba ta kira su nan take ba, ta zaga jirgin tana sauraro. Duk wanda ta tsayar, magana ɗaya ce a bakinsa: ɗan iskan ya jefa jakar a ruwa, yanzu ni yaya zan yi da tawa?

A kicin ta sami Kawu Nagi, gajeren tsoho mai farin gemu, yana murza ƙullu. Kafin ta buɗe baki ya dire mata shayi mai madara da gurasa mai zafi.

"Ci tukuna, 'yata. Kin yi fari fat kamar wadda ta ga aljani."

"Kawu, wa kake zargi?"

"Ni? Mutanen da nake ciyarwa? Allah ya kiyaye." Ya goge hannu, ya shafa wata 'yar sitika da ke manne a farar hularsa, irin wadda ake haɗowa da takardar ƙuri'a, mai cewa na yi zaɓe. "Kin ga wannan? Leonard matuƙi ne ya manna mini da hannunsa. Shi ya koya mini tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa. Ina feraye dankali yana tambayata, in na kuskure ya ce, kai tsoho, kanka kabewa ne? Ranar cikewa na ce wallahi ba zan taɓa alƙalami ba sai yana zaune kusa da ni yana cike tasa. Hannuna rawa yake. Na ga nasa ma yana rawa, na ce ashe kai ma tsufan ya zo."

Ya yi dariya, sai dariyar ta tsaya. "A garinmu ba a taɓa tambayata wa nake so ba. Sau ɗaya tak aka tambaye ni, na amsa, amsar ta ɓata a hanya."

Odessa ta fita daga kicin. A bakin ƙofar fita aka jera hulunan kwano na ma'aikata, kowace da sunan mai ita. Al'adarsu ce su manna sitikar zaɓe a kai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace da sabuwa tana ƙyalli. Ta tsaya a kan wata tsohuwar hula da sitikoki suka rufe ta ruf, wasu sun koɗe har rubutun ya goge. Ta juya ta gaba da baya. Ta bana ce kaɗai babu. Sunan da ke jiki: Leonard Bielski.

Ta same shi a bayan jirgi, dogon dattijo mai faɗin kafaɗa, yana kallon gaɓar Kanada, ƙasar da ke ƙetaren kogin. Jirgi ya riga ya shiga kogin ƙarshe, Port Huron ba nisa.

"Kai ne matuƙin da ba ya kan aiki ranar Asabar da safe?"

"Mu biyu ne."

"Me kake gani ya faru?"

"Sufeto, in aka sami jakar da hatiminta lafiya, za a ƙirga ta Nagi?"

"In hatimin na nan, ni da kaina zan kai ta yau. In an yanke, sai an tsare ambulan ɗin an bincika, kafin a gama an rufe zaɓe." Ta matso kusa da shi. "Malam Leonard, kowa a jirgin nan ya ce jakar tana ƙarƙashin kogi. Kai kaɗai kake maganarta kamar tana nan a bushe. Kowa tasa yake tambaya, kai ta wani. Mai son hallaka ƙuri'u a kan ruwa ba ya zama ninke jarida, hannu ɗaya zai sa ya wurga. Wanda ya ninke jaridun nan so yake wani ya kwana da farin cikin cewa tasa ta tafi. Sannan ga hularka. Mutumin da bai taɓa tsallake zaɓe ba, bana ya kasa manna shaidar. Ba ta kowa kake gudu ba, taka kake gudu. Me ke cikinta?"

Leonard ya riƙe ƙarfen gefen jirgi da hannu biyu. Ya nuna gaɓar can da haɓa.

"A can aka haife ni. Ban sani ba sai watan jiya, wurin jana'izar mahaifiyata. Ƙanwarta ce ta ja ni gefe ta gaya mini. Ina jariri aka haye da ni, mijin da ta aura a nan ya ba ni sunansa, aka yi mini takardar haihuwa ta hanyar da ba ta dace ba. Ba a taɓa mayar da ni ɗan ƙasa ba, ba ni da 'yancin jefa ƙuri'a. Ni da na koya wa Nagi dokokin ƙasar nan, ashe shi ne ɗan gida, ni ne baƙo."

"Me ya sa ka cike, tunda ka sani?"

"Da kin ga fuskar Nagi ranar! Ya ce ba zai fara ba sai na fara. Na ce a raina zan zare tawa daga baya, sai ga kyaftin da hatimi." Ya ja numfashi. "Zaɓukan baya duk na yi su ne ban sani ba. Wannan kuwa da sanina, in ta shiga akwati na yi wa garin nan ƙarya ido buɗe. Na ɗauke jakar, na sa wuƙa a bakin hatimin, sai na tuna in na yanke na kashe ta Nagi. In na bar ta ta tafi, tawa ta shiga. In na yi magana, an kore ni daga ƙasar da ban san wata ba. Tun Asabar nake zaro wuƙar ina mayarwa."

Odessa ta kama masu laifi iri-iri, masu kuka da masu rantsuwa. Ba ta taɓa tsayawa gaban wanda ya cika ta da girmamawa irin wannan ba. Ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, jifa ɗaya ya ishe shi ya tsira, amma ya kwana biyu yana gadin abin da zai tona masa asiri.

"Ka san abin da zai biyo baya in na rubuta wannan?"

"Na sani. Muje."

A ɗakinsa ya ɗaga katifa, ya zaro jakar a naɗe cikin leda don kada danshi ya taɓa ta. Jan hatimin yana nan yadda kyaftin ya sa shi. Ya ce zai bi ta ya sauka, ya nuna ambulansa a gaban ma'aikatan zaɓe, a ware shi tun kafin a buɗe.

Labari ya riga su isa bakin tsani. Ma'aikata sun taru, har Tyrone. Ƙaramin jirgin da zai sauke su yana tahowa. Sai ga Kawu Nagi ya fito da gari a hannunsa, yana haki, ya sha gaban Odessa.

"'Yata, tsaya. Ba ni jakar nan." Ya miƙa hannu. "Ku yafe mini, 'yan'uwa, zan jefa ta a ruwa. Babu jaka, babu magana. Na rayu shekara saba'in babu ƙuri'a, ban mutu ba. Ba na so. Wallahi ba na so!"

Ya juya ga Leonard, hawaye na bin gemunsa. "Kai kuma, ƙaton banza, shekara nawa muna cin abinci a tebur ɗaya? Da ka gaya mini, da tun ranar na yaga tawa mun tashi tare!"

"Shi ya sa ban gaya maka ba," in ji Leonard.

Ya kama hannun tsohon ya sauke shi a hankali, ya gyara wa Odessa igiyar jakar a kafaɗa, ya riga ta kama tsani.

Da yammacin ranar, a ofishin zaɓe, ma'aikaciya ta yanke hatimin a gaban shaidu. Leonard ya nuna ambulansa, aka ware shi gefe. Ɗan sanda yana jiransa a bakin ƙofa, amma ya roƙi a ɗan dakata masa. Yana tsaye, hannuwansa a baya, har aka zo kan ambulan mai sunan Nagi Muthanna, aka duba rajista, aka buga masa tambari, aka zura shi cikin akwati.

"Ta shiga?" ya tambaya.

"Ta shiga, Baba," in ji ma'aikaciyar.

"To, madalla," ya ce. Ya juya ya nufi ƙofa.