Gemun Ƙanƙara

Ranar da Hamissou ya fara ganin Aïchatou, kilishi ya shiga saye, kuma ba don bakinsa ba. Shagon mahaifinta Elhaji Idrissa ne a Silver Spring ta Amurka, kusa da tashar jirgin Metro, inda warin daddawa da busasshen kifi ke tarar mutum tun daga ƙofa. Tana bayan kanta da littafin karatun nas a buɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kilishi mai yaji za a ba ni, ƙulli uku."

"Kai kaɗai?"

"Na maigidana ne. Bajamushe."

Nan ta ɗago. Hamissou ya ji kamar an taka masa birki a ƙirji.

"Bature da kilishi mai yaji? Aikin me yake yi?"

Ya taɓe baki. "Ai ba aiki ba ne. Ƙattai ne ke ɗaura wuƙa a ƙasan takalmi, su hau ƙanƙara, su bi wani baƙin faifai kamar dunƙulen daddawa da sanduna. In sun gaji su dambace. Hoki ake ce masa. Ni ke tuƙa ɗaya daga cikinsu."

"To yana da haƙorin cin kilishi?"

"Na gaba dai babu. Tsotsa yake."

Ta yi dariya har alƙalaminta ya faɗi ƙasa. Ya tsinto mata, ya tafi, ya bar canjinsa da gangan.

Hamissou ɗan Maradi ne. Lekol, wato makarantar boko, ta ishe shi tun bai gama koleji ba, ya sayar da wayoyi a Yamai, ya shigo Amurka ya wanke mota, ya yi taksi a Lanham, babu inda ya shekara. Wurin Bajamushen nan, Bastian Lindhuber, kawai ya zauna. An ɗauke shi ne lokacin da aka yi wa Bastian aiki a gwiwa, da gwiwar ta warke kuma babu wanda ya ce wa wani tafi.

Tarihin mutumin kam ya haddace shi, don kullum a mota sai ya ji. Yadda ya koyi zamiya a kan daskararren tafki bayan gidan burodin ubansa a Bavaria. Yadda ya zo Amurka yana saurayi ya yi shekaru a ƙaramar ƙungiya, suna kwana a bas. Yadda ya sa rigar ƙasarsa a gasar duniya, aka zaɓe shi gwanin masu tsaron baya. Duk sunan da ya yi, da tare faifai da jikinsa ya yi shi. Yanzu ƙarfi ya fara ja baya, wannan ce kakar wasansa ta ƙarshe, kuma babban kofin da ya ƙetaro teku dominsa bai taɓa ko shafa shi ba. Hamissou kan saurara yana tsaki a ransa. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin firij, ana jifansa da roba! A bayan idonsa Giɓau yake kiransa.

Amma kilishin Giɓau ya riƙa ƙarewa da wuri. Elhaji Idrissa ya tafi Nijar sayo kaya ya daɗe, Hajiya Aminatou, uwar Aïchatou, ita ke leƙa shago, kuma ta iya kau da ido. Kafin sanyi ya wuce, saƙonni sun fara kai da kawo.

"Direban Ƙanƙara, maigidanka ya ci wasa yau?"

"Sun ci, Chatou. Ni kuma tun safe ban ci komai ba, tunaninki ya hana."

"Ƙarya. Mama ta ga ka sayi burodi."

"Burodin ma da sunanki na ci shi, tauraruwata."

Ba shi kaɗai ke zarya ba. Akwai Aminu, ɗan Kano mai aikin kwangilar gwamnati a Alexandria, wanda ko masallaci zai je da katin ofis rataye a wuya, kamar rago na Layya da aka sa wa shaida. Ba ya ƙare magana bai ambaci digirinsa ba. In ya tarar da Hamissou a shago sai ya ce, "Direba, motarka ta tare tawa," ko da titin fayau yake.

Da aka shiga wasannin fidda gwani, Bastian ya shigo mota wata safiya yana shafa haɓa. Ya ce al'adarsu ce, daga yau ba wanda zai sa aska a fuska sai an fitar da su ko sun ɗau kofi. 'Yan wasa, masu wankin riguna, har mai gyaran takalma.

"Kai ma ɗan ƙungiya ne, Hami. Ka yi mini alkawari."

Hamissou ya kalle shi ta madubi. Camfin banza, gemu ne zai tare faifai? Amma ya tuna Bastian ne ya zauna da shi a asibiti ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, lokacin da 'yan garinsu ko waya ba su buga ba. Ya miƙa hannu baya.

"Na ba ka magana."

Ƙungiyar ta yi ta ci, gemu ya yi ta tsiro. Na Hamissou baƙi ƙirin, cike da fuska.

A haka Elhaji Idrissa ya dawo ya same shi. Dattijo ne ƙaƙƙarfa mai wuyan bijimi, ya raina Amurka da duk abin da ke cikinta ban da dala. Samarin yanzu kuwa, masu fuska sumul kamar ƙwai, ba ya ko amsa gaisuwarsu da kyau. Ya ga saurayi ya durƙusa har ƙasa da gemu tsaf, sai fuskarsa ta washe.

"Masha Allah! A ƙasar nan da kowa ke aske addininsa, ga yaro ya riƙe sunna. Ustazu, ɗan wane ne kai?"

Hamissou ya buɗe baki zai yi bayani. Aïchatou ta zaro masa ido daga bayan buhun gero. Ya rufe.

Ranar nan Elhaji da kansa ya ce ya turo manyansa. Aminu kuwa, da ya zo da fuskarsa mai sheƙi da turare, aka ce masa yarinya tana karatu.

"Masoyi, Baba ya ce kai ne irin surukin da yake roƙo. Kada ka ce komai, don Allah."

"Chatou, ya sa ni limanci ɗazu. Gumi har cikin takalmi."

"Ka dai ja gajerun surori."

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ran Juma'a bayan masallaci, shago cike da 'yan Nijar ana shan shayi, Aminu ya shigo da wayarsa a hannu yana murmushin mugunta.

"Baba, ga ustazunku a intanet."

Hoto ne na bayan fili: ƙattai jajaye masu gemu sun rungumi juna, Hamissou a tsakiya, Giɓau ya riƙe masa gemu yana dariya da bakinsa wayam. Aminu ya fassara rubutun ƙasa dalla-dalla, har da ƙari.

Elhaji ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo.

"Wannan gemun na Annabi ne ko na Bature?"

"Baba, alkawari na yi wa maigidana."

"Gemun ƙanƙara!" Elhaji ya tofar. "Na bi ka salla! Ni Idrissa na tsaya bayan gemun caca! Mutanen da Allah ya ba ƙasa su taka, suka ƙi, suka hau ruwan sanyi suna zamewa kamar ƙadangaru a kan tire, su ne malamanka?" Aka fashe da dariya. Ya zaro reza daga cikin kayan sayarwa ya jefa kan kanta. "Ga bayi can. Ka shiga ka aske shi yanzu, sai mu ga ko akwai sauran magana."

Hamissou ya kalli rezar, ya kalli Aïchatou. Idonta na cewa ɗauka.

"Baba, ni ma na san camfi ne, ba ya ci ba ya hanawa. Amma na ba mutum magana. Ranar da aka fitar da su, ko gira ka ce in aske zan aske. Yau dai ba zan iya ba."

"To ka je Baturen ya ba ka 'yarsa."

Saƙon da ya biyo shi mota gajere ne.

"Ka zaɓi gashi a kaina. Na gode."

"Chatou, in na saba warware magana don reza, wata rana taki zan warware."

Ba ta amsa ba. Washegari ma shiru. Ya kai Giɓau atisaye yana jin kamar ya ajiye makullin ya kama hanyar wata jiha, yadda ya saba. Karo na farko a rayuwarsa, bai tafi ba.

Ran Lahadi da rana aka yi wasan da in ƙungiyar ta faɗi shi ke nan. Aïchatou ta canja tashar talabijin ɗin shago daga wa'azi zuwa hoki, tana roƙon Allah a ranta a lallasa su a huta. Elhaji ya ce a bari, yana so ya ga haukan da idonsa. Ya gyara kujera yana zuba ba'a.

"Dubi wancan, an naɗe shi da katifa. Wannan ko tsohuwa aka naɗe haka ai ta yi jarumta."

Can abokan hamayya suka taso, wani ya ɗaga sanda ya narka wa faifan duka. Wani ƙato mai jan gemu ya zube a gabansa da gangan. Faifan ya same shi a fuska, jini ya ɓata farar ƙanƙara.

"Shi ne maigidan Hamissou," in ji Aïchatou a hankali.

Aka fita da shi. Elhaji bai gama cewa "ya ja wa kansa" ba, sai ga mutumin ya dawo da ɗinki a kumatu, gemu jiƙe, ya koma gurbinsa. Faifai na gaba ma da ƙirji ya tare. Shayin Elhaji ya huce a hannunsa.

Hajiya Aminatou, da ke auna gari a gefe, ta yi magana ba ta ko juyo ba.

"Elhaji, ka tuna walkinka?"

"Wane walki kuma?"

"Na kokawa. Shekarar da kake kayar da maza a Tahoua, aka ce maka in aka wanke shi za ka faɗi. Tun daga kaka har bazara ruwa bai taɓa shi ba. Ka zo gaida Babana, awaki ma suka bar zauren. Ya ce ba zai ba mai wari 'yarsa ba, sai ka wanke. Me ka ce masa?"

"Hajiya, yara na ji."

"Ka ce ba a kwance ɗamara a tsakiyar fili. To ga ni nan, ai na aure ka."

Aïchatou ta toshe baki da mayafi. A talabijin aka busa tashi, ƙungiyar Giɓau ta tsira.

Kwana biyu bayan nan Bastian ya zo shagon da kansa, don ya matsa wa direbansa da tambaya har ya ji abin da ya faru. Ya sunkuyo ya shigo, fuska a kumbure, Hamissou na bayansa kamar wanda aka kamo. Aminu na nan, ya yi tsalle zai yi tafinta da Turancinsa na ofis. Elhaji ya ɗaga masa hannu.

"Kai, matsa. Maganar maza ce. Chatou, faɗa mini me yake cewa."

"Ya ce laifinsa ne, Baba. Ya ce ya yafe wa Hamissou alkawarin, ya aske yau."

Elhaji ya miƙe, ya zagaya Baturen yana duba kafaɗunsa da idon tsohon ɗan kokawa. Ya kama damtsensa ya matsa.

"Ki ce masa wasansu dai wasan banza ne, wannan ban canja ba. Amma ba a aske gemu a tsakiyar gasa. Wanda ya taɓa shi, ni da shi ne." Ya juya kan Hamissou. "Kai kuma, ustazun ƙanƙara, sallar da na bi ka Allah ya karɓa. Ka turo manyanka."

Aminu ya tuna yana da mitin.

"Direban Ƙanƙara, ka yafe mini?"

"Tauraruwata, ai ban taɓa riƙe ki ba. Kin dai yi mana addu'ar faɗuwa, na sani."

"Har yanzu ina yi. Gemun nan ƙaiƙayi yake sa ni daga nesa."

Addu'arta ta ci a zagaye na gaba. Aka fitar da su, Bastian ya rataye takalmansa ba tare da kofin ba, filin gaba ɗaya ya miƙe tsaye ana kiran sunansa. A mota ya yi kuka kamar yaro. Hamissou bai yi tsaki ba, ya miƙa masa kilishi.

Aka ɗaura aure a wani masallaci a Lanham bayan ƙaramar salla. Bastian ya jinkirta komawa Jamus don ya halarta, fuska sumul, cikin babbar rigar Elhaji da ta tsaya masa a gwiwa, yana cewa "Amin" a inda ya dace da inda bai dace ba.

Da safiyar ranar Hamissou ya ɗauko reza, don amarya ta ce ba za ta shiga hoto da daji ba. Elhaji ya riƙe masa hannu.

"Ina za ka kai shi? Gemu dai ya riga ya fito. Niyya kawai za ka canja."

Aïchatou ta ji labari ta turo saƙo: "Baba ya cuce ni."

"Haƙuri, amaryata. Wannan karon babu ranar fitarwa."

Da aka kawo ta, Elhaji ya ɗora hannunta a na mijinta.

"Ka riƙe maganar Bature a kan abin banza, to ga abin da ba na banza ba. Allah ya sa albarka, ya ba ku zuri'a masu cika alkawari, ya kuma tsare mini jikokina daga ƙanƙara."

Duk ɗakin aka ce amin. Ta Giɓau ta fi ta kowa ƙarfi.