Gadar da Baba Bai Haye Ba

"Ka kashe min shi, Fraser!"

Da wannan na tarbe shi a ƙofar gidanmu, tun bai gama rufe motarsa ba. Iskar garinmu Geraldton tana cusa min gashi a baki, ina tofarwa ina kuka.

"Jaci, tsaya ki ji..."

"In ji me? Ga hoto!"

Na kai masa wayata daf da hanci. Shanelle ce, 'yar ƙanwar Mama, ta jingina da kafaɗarsa a wurin gashin naman da abokansa suka yi jiya, tana dariya har ana ganin dasashinta. A hannunta 'yar na'urar wasan nan ce, fuskarta baƙi ƙirin, sai zanen ɗan kabari da sunan Babana a jiki: NEV. A ƙasan hoton ta rubuta, "Ayya, na yi ɓarna!"

Wanda bai san gidanmu ba zai ce haukata nake yi a kan wasan yara. To, bari ku ji.

Babana Neville masunci ne. In lokacin kamun jatan lande ya zo, sai ya tafi tsibiran Abrolhos, mu yi watanni ba mu sa shi a ido ba. In ya dawo kuwa, gareji muke tarewa ni da shi, gaban wata tsohuwar kwamfuta mai ƙara kamar injin niƙa. Ya ɗora ni a cinya, yana warin gishiri da man jirgi, mu buga wasa ɗaya tilo: wani ɗan mutum mai fitila yana sauka cikin kogo, hawa bayan hawa. Wasan ba ya yafiya. Rai ɗaya gare ka, in ka faɗi ya goge sunanka daga faifan kwamfutar.

"Kamar duniya, Jaci," haka yake ce min. "Ba a komawa baya."

Ina da shekara goma sha ɗaya ya rasu. Ya bar ɗan mutumin nan tsaye a bakin gadar ƙarshe da fitilarsa a hannu. Kwamfutar ta mutu daga baya, faifan ya yi ta kwana a akwatin takalmi.

Sai Fraser. Makaniken manyan motoci ne a mahaƙar ƙarfe can Pilbara, mako biyu a can, ɗaya a gida, kuma ba abin da ya fi so kamar ya tayar da abin da kowa ya yi wa jana'iza. Shi ya lallaɓa faifan ya kwashe abin da ke ciki, ya koya wa 'yar na'urarsa ta hannu kwaikwayon tsohuwar kwamfutar, har wasan ya ɗauka yana gidansa na da. Ranar da ya miƙo min, na ji kiɗan nan mai tsiwirwiri, na ga sunan Baba da ɗan mutumin a bakin gada, ranar na san zan aure shi. Ban taɓa danna ko madanni ɗaya ba. Kallo kawai nake yi, in kashe.

Yanzu ga kabari.

"Ta tambaye ni yadda abin yake aiki ne," in ji Fraser, yana murza hularsa. "Kin san ni in aka yi min irin wannan tambayar. Na juya in ɗauko mata lemo..."

"Ka ba ta Babana ta riƙe maka!"

"Masoyiyata, ai ba abin kuka ba ne. Ina da kwafi."

"Kana da me?"

"Kwafi. Tun ranar farko na ajiye, har wuri uku. Yanzu-yanzu sai in dawo da shi inda yake, ko ƙwarzane babu."

Murmushi fa yake yi! Shi a dole ya kawo magani. Wallahi da ya yi shiru da ya fi masa.

"Wato duk watannin nan da nake riƙe numfashi in na kunna, kai ka san hoto nake kallo?"

"Ba hoto ba ne, shi ne dai..."

"Baba bai taɓa komawa baya ba! Da ransa ɗaya ya kai gadar nan. Kai komai a wurinka mota ce, in ta lalace a canja mata ƙarfe."

"Jaci..."

Na zare zoben baikonmu na danƙa masa, na fizge na'urar daga aljihun rigarsa.

"Jirgin komawata aiki da safe ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Kada ki bari in tafi a haka, don Allah."

Na rufe ƙofa.

Mama tana kicin tana yanka kabewa, kuma na san ta ji komai, don bangon gidanmu ba ya riƙe sirri. Na ɗauka zan tarar tana murna. Tun ranar da na kawo Fraser take ɗaure fuska. "Mijin da rabinsa ke cikin jirgin sama," haka take kiransa, ko shayi sai ta ga dama take ba shi.

"Burinki ya cika," na ce, na zube a kujera.

"Wa ya mutu kike wannan ihun?"

Na tura mata na'urar. Ta goge hannu, ta sa tabarau, ta ƙura wa ɗan kabarin ido. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka ne.

Dariya take yi.

"Mama!"

"Yi haƙuri... wayyo cikina. Kabarin nan! Na gan shi ya fi a ƙirga."

"A ina kika gan shi?"

"A gareji mana. Ke Jacinta, ubanki ko hawa na uku bai taɓa wucewa da hannunsa ba. Yatsunsa kamar ayaba, ya danna ɗaya uku su dannu."



Ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce in Baba ya tafi tsibiri, ni ina makaranta, gidan ya yi mata faɗi, sai ta shiga gareji. Da farko ƙura take gogewa. Daga baya ta fara kunnawa don ta ji motsi. Wata maƙwabciyarmu mai aiki a banki ta koya mata yadda ake kwafe faifai, saboda haka kafin ta taɓa wasan sai ta kwafe. Ta faɗi, ta dawo da shi, ta sake faɗi. Jemagun hawa na bakwai kaɗai sun ci mata lokacin kamun jatan lande guda.

"In ya dawo ya ga ɗan mutumin ya yi nisa, sai ya kalle ni ta wutsiyar ido, ya ɗora ki a cinya, ya hau cika baki."

"Amma shi ya ce ba a komawa baya..."

"Faɗa ai ba ta da wuya a bakin Neville. Ni da nake komawa na ce miki ana komawa."

Na yi dariya, hawaye na shiga min baki. Sai kuma na tambayi abin da ya tsaya min a wuya.

"To me ya sa kika tsaya a gadar?"

Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen riga.

"Na kai masa shi bakin gada, na ce wannan karon shi zai haye da kansa a gabanki, ko sau ɗari zai faɗi ina nan da kwafina. Sai ya dawo da tarin nan da ya yi ajalinsa. Daga jirgin ruwa asibiti muka wuce." Ta ajiye tabaraun a kan tebur. "Ban sake shiga garejin ba."

Na kwantar da kai a kafaɗarta. Rabon da in yi haka tun ina sakandare. Kewar Baba ta taso min sabuwa fil, amma wannan karon har da tausayin matar da ban taɓa tambayar yadda ta yi da watannin nan ba.

"Kira yaron nan," ta ce.

"Ke da ba kya sonsa?"

"Na ce miki ba na sonsa? Jiran ne ba na so miki, don na san ɗanɗanonsa. Amma mutumin da ya kwafe abu wuri uku kafin ya bari a taɓa, ya san darajar abin." Ta miƙe ta koma kan kabewarta. "Ita kuwa Shanelle, tun tana rarrafe abin hannun wani take so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada ki tsage mata."

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Jaci?"

"Kana ina?"

"Ƙarshen layinku... ban iya tafiya ba."

Ya shigo kicin kamar mai shiga kotu, idanunsa jajur. Ya fara ba da haƙuri, ya ce ya goge lambar Shanelle, ya ce laifinsa ne da son a yaba masa. Mama ta katse shi da wuƙa a hannu.

"Kai, makanike. Dawo min da mijina bakin gada."

Ya kalle ni. Na gyaɗa kai.

Ya ɗauki na'urar, ya danna nan, ya danna can. Kiɗan ya tashi. Ga ɗan mutumin, ga fitila, ga gada tana lilo a kan wuta. Mama ta karɓa, ta riƙe na'urar nesa da fuska kamar mai karanta takardar magani.

"Ina madannin tsalle a wannan abin? Madannan kamar ƙwayar wake!"

"Wannan, Mama," in ji Fraser.

Taku biyu ta yi ta faɗa wuta.

"Mayar da ni!"

Ya mayar da ita. Ta sake faɗawa. Ta zagi gadar, ta zagi wanda ya gina ta, ta ce a mayar da ita. Kabewa tana can ta bushe a faranti, mu uku mun haɗa kai a kan fuskar da ba ta kai tafin hannu ba. Ban san lokacin da Fraser ya laluɓo hannuna a ƙarƙashin tebur ba. Na ji sanyin zoben yana komawa yatsana, ban janye ba.

"Ki yafe min, rabin raina," ya raɗa.

"Yi min shiru, tana tsakiyar gada."

Tana tsakiyar kuwa. Sai ta ɗage yatsanta, ta miƙo min.

"Ƙarasa. Don ke aka ajiye."

Na faɗi sau biyu. A na uku ɗan mutumin ya dira a ɗaya gefen, wata ƙofa ta buɗe, hasken rana ya cika fuskar na'urar, aka rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe. Shi ke nan abin da ke bayan gadar. Muka zuba wa sunan ido har kiɗan ya ƙare.

Mama ta share ido da bayan hannu, ta ɗora tukunyar shayi, ta sauko da kofi uku ba tare da kowa ya roƙa ba.

"Fraser."

"Na'am, Mama."

"Wannan abin, da shi kake tafiya wurin aiki?"

"Eh, in an tashi da shi nake rage lokaci."

"To daga gobe ka bar shi a gida. Ka cika mata shi da wasanni, masu wuya, waɗanda ba sa ƙarewa da wuri." Ta ajiye masa kofinsa a gabansa. "Kai can kana da aiki. Ita ce za ta yi jira."