Riƙon Bakin Kwano

Ranar da aka kawo teburin cin abinci gidan Alhaji Yari a Jega, sai da aka cire ƙyauren falo kafin ya shiga. Kujera takwas gare shi, kuma in ka ji ta bakin Hajiya Gudiya, matar gidan, ko ƙuda sai ya yi sallama kafin ya sauka a kai. Nan take ta kafa doka: ba ci da hannu, ba suɗar yatsa, ba gyatsa.

Wanda dokar ta fara kamawa shi ne Baba Usmanu, mahaifin Alhaji, da aka ɗauko daga Karaye saboda rawar hannu. Sau biyu ya ɗiga miyar kuka a kan farar shimfiɗar tebur, sai aka mai da shi tabarma a bayan firij, shi da kwanonsa. Shekara uku ke nan.

To, Iklima 'yar gidan tana son Bashar, manomin albasa daga Jiga Makera ta ƙasar Aliero. Hajiya ta ce kafin a yi maganar aure ya zo cin abincin rana, ta ga hannunsa.

"Filis, Bashar, ban da babbar loma," in ji Iklima a waya. "Momi ba ta ƙiftawa."

"Kwantar da hankalinki. Sati biyu ina tisawa da cokali mai yatsu, har fura na gwada soka da shi."

Ran Juma'a bayan masallaci ya zauna a teburin, ya ci shinkafa ƙwaya-ƙwaya kamar mai shan magani. Har Hajiya ta fara sakin fuska. Sai ya ji wani ƙara daga bayan firij. Duk sa'ad da tsohon ya kai hannu zai yanki tuwo, kwanon sai ya zame, shi kuwa yana bin sa da gwiwa. Ba wanda ya waiwaya. Sun saba.

Bashar ya ajiye cokali, ya wanke hannu, ya je ya durƙusa.

"Baba, a ba ni wuri?"

Tsohon ya ɗago. "Kai ne wanda ka son ƙwace min mata? Zamna, ɓarawo."

Bashar ya dafe bakin kwanon da hannun hagu, yadda ake koya wa ƙarami in zai ci da manya. Bai taɓa nama ba, bai tsame hannu ba sai da Baba ya ƙoshi.

"Kun gani ko?" Hajiya ta ce, ba ta ko rage murya ba. "An ba shi kujera, ya koma ƙasa. Dubi yadda ya ƙanƙame kwano kamar za a ƙwace masa."

"Momi, riƙe wa Baba ya yi fa—"

"Rufe min baki. Ba zan haɗa jini da mai warin albasa ba."

Alhaji dai ya tsura wa farantinsa ido, kamar an rubuta masa wasiƙa a ciki.

Wata takwas aka hana Bashar shiga falo. Iklima ta yi kuka har ta gaji, amma ba ta ɗaga wa uwarta murya ba. Baba kuwa ya sa aka mai da tabarmarsa zaure, wai iska yake so. Kowace Juma'a Bashar zai taso daga kasuwa, ya wanke hannu, ya dafe kwano.

Wata rana Alhaji ya tarar da su, ya nemi ya wuce.

"Yari, tsaya," in ji tsohon. "Kai ma ka iya wanga riƙo da. Ni na koya maka, har da ranƙwashi. Gaya min, wa ka ba da ɗiya gidan ga, ni ko tebur?"

"Kai ne, Baba."

"To na ba shi."

Aka ɗaura aure bayan cirar albasa. Hajiya ta saka leshi, ta ƙi yin dariya a hoto. Alhaji kuma ya ƙudurta zai zauna ya ci tuwo da mahaifinsa, wata Juma'ar, in ya samu sarari. Bai samu ba. Kwana arba'in da bikin, Baba ya rasu.

Masu ta'aziyya suka cika gidan, ba wurin shimfiɗa tabarmi, sai aka sake cire ƙyaure aka fitar da teburin tsakar gida, kaji suka hau. A zaure Alhaji ya ga kwanon nan a kife. Ya ɗauka, ya dafe bakinsa da hannun hagu, ya daɗe a haka, ba kowa a ɗaya gefen.

Ku samari da 'yan mata, ku koyi cokali, ba laifi ba ne. Haƙurin Iklima da Bashar ya kai su ɗaki. Amma ladabin ci yana farawa ne da duba wanda kwanonsa ke zamewa, tun yana nan.